Hankici da kabad: yadda Turanci ke haɗa kalma biyu, baki ya cinye rabinsu

Duk bayan 'yan kwanaki sai wani gajeren bidiyo ya zagayo a TikTok ko Facebook. Matashi ne ko matashiya a gaban farin allo, an rubuta kalmar Turanci da manyan baƙaƙe, ana cewa "ba haka ake faɗi ba, ga yadda ake faɗi". Kalmomin da suka fi shan wannan gyara su ne irin su *cupboard*, *handkerchief*, *breakfast* da *Wednesday*. Daga nan sai gardama ta kaure. Wasu su ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wasu su ce iyayi ne kawai da son a ce an waye. Wasu kuma tambaya suke yi tsakani da Allah: idan ba a furta *d* a cikin *handkerchief*, me ya kai ta ciki? Gaɓa nawa ke cikin kalmar, a ina ake yanka ta, kuma wa ya yanke wannan hukunci?

Ni dai wannan gardama ta riske ni tun ina aji biyar na firamare, kuma ni ne na sha kaye ban sani ba. Kakata na zaune kan tabarma ta ce, "Maigida, miƙo min hankicin nan da ke kan kabad." Ni kuwa a makon ne malaminmu ya rubuta mana kalmomin biyu a allo, muna tafi muna rera su gaɓa-gaɓa. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Kaka, ba hankici ake cewa ba, hand-ka-cif ne. Wancan kuma kof-bod sunansa." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To Bature. In ka gama Turancin ka miƙo, miji ba cefane sai surutu." Sai bayan shekaru, da na iya duba ƙamus mai nuna furuci, na gane cewa a duka kalmomin biyu tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta fi ni kusa da bakin masu harshen.

Rabo uku da ake cakuɗawa

Harɗaɗɗiyar kalma ita ce wadda aka gina da kalmomi biyu ko fiye, kowace na iya tsayuwa da ƙafarta, amma da suka haɗu suka ba da ma'ana guda. Hausa cike take da su: farar hula, gashin baki, dafa-duka, hana-salla, faɗi-ka-mutu, uwargida. A Turanci akwai *blackboard*, *football*, *toothpaste* da dubbai irinsu.

Yawancin rikicin yana tasowa ne daga kalmar "rabawa", domin hanya uku ake raba kalma, kuma ba dole su faɗa wuri guda ba. Akwai rabon ma'ana, wato gano tubalan da aka gina kalmar da su. Akwai rabon furuci, wato gaɓoɓin da kunne ke ji. Sannan akwai rabon rubutu, wato inda mai buga littafi zai iya yanka kalma da karan ɗori idan layi ya ƙare. Ɗauki *screwdriver*. Ta fuskar ma'ana tubala uku ne: *screw*, *drive*, da ɗafin *er* mai nuna abin da ke yin aikin. Kunne kuwa abin da yake ji shi ne skru, drai, va, inda *v* ta bar gidansu ta koma gaɓar ƙarshe. Ƙamus ɗin Amurkawa na Merriam-Webster zai nuna maka *screw·driv·er*, kuma masu ƙamus ɗin sun faɗa da bakinsu cewa waɗannan ɗige-ɗige wurin yanka kalma a ƙarshen layi suke nunawa, ba gaɓoɓin furuci ba. Ɗalibai da yawa, har da malamai, suna kwafar ɗige-ɗigen a matsayin amsar "raba wannan kalma gaɓa-gaɓa". Ko a wannan rabo na rubutu ma Ingila da Amurka ba su cika jituwa ba: al'adar Ingila ta fi bin asalin kalma ta yanka *know-ledge*, Amurkawa su bi kunne su yanka *knowl-edge*.

Gaɓa ita kanta bugun murya ɗaya ce, mai wasali a tsakiyarta. Hanyar ƙirga ta mai sauƙi ita ce ka sa bayan hannunka ƙarƙashin haɓa ka faɗi kalmar a hankali, duk saukar haɓa gaɓa ɗaya ce. Sautin wasali ake ƙirgawa, ba harafinsa ba.

A nan ne Hausa da Turanci suka raba hanya. Gaɓar Hausa siga uku gare ta: baƙi da gajeren wasali kamar *ci*, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali kamar *kai*, sai baƙi da wasali da baƙi kamar *nan*. Ba a fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, ba a rufe ta da biyu. Turanci kuwa yana jera baƙaƙe har uku a farkon gaɓa, har huɗu a ƙarshenta. Kalmar *strengths* haruffa tara ce, amma gaɓa ɗaya tak. Shi ya sa da *screwdriver* ta shigo garejin makanikai sai da aka saƙala mata wasula ta zama sukudireba, gaɓa uku suka koma biyar. Ba kuskure aka yi ba, an ɗinka wa baƙuwa riga daidai jikin harshen da ta sauka a cikinsa.

Kalmar da ke cewa "kallabin hannu"

Mu dawo kan hankici, domin tarihinta ya tattara kusan duk abin da ake gardama a kai. Kowa na ganin *hand*, hannu, a farkonta. Saura *kerchief*, wadda ita ma harɗaɗɗiya ce da ta tsufa har aka daina ganin ɗinkinta.

A shekarar 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gidaje na tsawon ƙarnoni. Cikin kalmomin da suka shigo a lokacin akwai *couvrechief*, daga *couvrir*, rufewa, da *chief*, kai. Wato abin rufe kai, kallabi ko ɗankwali. Wajen shekarar 1300 ta riga ta zauna a Turanci, bakin Ingilishi ya tauna farkonta har ya koma *ker*. Wannan *chief* ɗin ita ce dai wadda ake kiran shugaba ko basarake da ita, tunda shugaba shi ne kan jama'a. Shi kuma *couvrir* ya sake ɓulla a wata kalma da muka sha ji lokacin tarzoma: *curfew*, dokar hana fita, daga *couvre-feu*, "rufe wuta". A garuruwan Turai na da, ana kaɗa ƙararrawa da dare don kowa ya rufe wutar murhunsa saboda gudun gobara. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci har yau *couvre-feu* suke ji a sanarwar hukuma, kalma ɗaya ce ta biyo hanya biyu.

A ƙarni na 16 aka fara riƙe irin wannan ƙyalle a hannu don share gumi da majina, sai aka liƙa masa *hand*. Idan aka warware kalmar tsaf, cewa take yi "abin rufe kai na hannu". Da aka koma saka shi a aljihu aka ce *pocket handkerchief*, abin rufe kai na hannu na aljihu. Wanda ake ɗaurawa a wuya kuma *neckerchief*. Kafin mu yi musu dariya mu tuna da safar hannu. Safa ta ƙafa ce, da muka ga irinta a hannu ba mu ƙirƙiro sabon suna ba. Haka jirgi, wanda asalinsa na ruwa ne, ya hau dogo ya zama jirgin ƙasa, ya tashi ya zama jirgin sama, har ta kai na asalin sai an ce jirgin ruwa kafin a gane shi. Jagora ma a yau shugaban tafiya ne ko na jam'iyya, ba mai tuna gorar da ake ja wa makaho.

Ina *d* ta tafi?

A rubuce *handkerchief* haruffa 12 ce. A bakin mutumin Ingila sautuka takwas ne, cikin gaɓa uku, kusan HAN-ka-cif. Abu biyu ne suka faru a mahaɗar kalmomin.

Na farko shafewa. Da *hand* ta haɗu da *ker*, baƙaƙe uku suka yi cunkoso, *n* da *d* da *k*, sai na tsakiya ya faɗi. Wannan ɗabi'a ce da ta ratsa Turanci: *handsome*, *sandwich*, *grandmother*, duk a maganar yau da kullum ba a jin *d* ɗinsu. *Christmas* ta rasa *t*. *Wednesday*, ranar Woden, wani abin bautar Ingilishi na kafin zuwan Kiristanci, gaɓa biyu ce kawai, WENZ-dei.

Na biyu naso. Da *d* ta kauce, *n* ta yi maƙwabtaka da *k*, sai ta ja baya zuwa hanɗa, can bayan ganɗa, inda ake furta *k*. Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa wannan, kullum yana yi. Faɗi *hanta*, sannan ka faɗi *hankali*, ka lura da inda harshenka yake taɓawa wajen *n*. A ta farko gaba yake, bayan haƙora, a ta biyu can baya. Muna rubuta ɗan birni mu furta ɗam birni, mu rubuta gidan Musa mu furta gidam Musa. Haka Bature ke rubuta *handbag* ya furta hambag.

*Cupboard* kuwa *p* ce ta narke cikin *b*, tunda da leɓɓa ake yin su duka biyun. Haruffa takwas, sautuka biyar, KA-bad, daidai adadin haruffan kabad ɗin kakata. Mai jin Sakkwatanci ya san irin wannan narkewa, inda rigar Bala ke zama rigab Bala, rigar Sani ta zama rigas Sani. Asalin *cupboard*, a ƙarshen ƙarni na 14, katako ne ko tebur da ake jera kofuna a kai. Da aka yi masa ƙofa ya zama ma'ajiyar komai, ba mai tuna kofi balle katako, sai baki ya samu damar haɗiye su.

Dalilin da hankici da kabad suka zo daidai shi ne da kunne aka aro su. Kuku da boyi da soja da masinja da suka yi aiki da Turawan mulki ba su ga kalmar a takarda ba, abin da ya fito daga bakin maigidan suka ɗauka. Mu 'yan boko da ido muka aro, kuma mun zo da tarbiyyar karatun Hausa, inda kusan kowane harafi ake furta shi. Har ma *f* ɗin ƙarshe da hankici ta yar tana da abokiyar tafiya a can gida: a ƙarni na 16 da na 17 ana yawan rubuta *handkercher*, kuma wannan siga ta fito a wasannin Shakespeare.

Inda ake danna murya

Wannan shi ne ɓangaren da masu bidiyo ba su cika taɓawa ba, alhali ya fi batun haruffan da ba a furtawa muhimmanci. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana da nata hawa ko sauka, kuma kowace ana ba ta haƙƙinta. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake zaɓa a kalma ya danna ta, ta fi sauran ƙarfi da tsawo, sauran su raunana.

A harɗaɗɗen suna, galibi kalmar farko ake dannawa, kuma da haka kunne ke bambance shi da siffa da suna da suka zauna kusa da juna kawai. Manyan haruffa a nan suna nuna inda ake danna murya. BLACKboard allon aji ne, ko da kore ne. Black BOARD kowane baƙin katako. GREENhouse ɗakin gilashi ne na rainon shuka, green HOUSE gida ne mai koren fenti. WHITE House fadar shugaban Amurka, white HOUSE kowane farin gida a unguwarku. Wanda ya fi shafar mu: ENGLISH teacher malamin da ke koyar da Turanci, ko daga Funtuwa yake, English TEACHER kuwa malami ne ɗan Ingila, ko lissafi yake koyarwa. A kunnena, mu a nan mun fi karkata ga danna kalma ta biyu, mu ce fireWOOD, bedROOM, ko mu ba duka biyun ƙarfi ɗaya.

Hausa ma tana yi wa harɗaɗɗun kalmominta alama da murya, sai dai da karin sauti take yi. Faɗi "ya hana salla", sannan ka faɗi sunan hular nan, hana-salla. A ta biyu *hana* ta kwanta ƙasa gaba ɗaya. Haka *dafa* a dafa-duka.

To, gaɓar da ba a danna ba ita ce ke lalacewa. Wasalinta ya ƙanƙance ya koma wani ɗan gajeren sauti maras launi, mai kama da gajeren *a* na Hausa idan an faɗe shi da sauri. Da haka *board* ta zama bad a kabad, *man* ta raunana a *postman* da *gentleman*, *land* ta raunana a *England*. *Breakfast* ta sha kashi ta fuska biyu: *break* ta gajarce ta koma brek, *fast* ta raunana. Ma'anarta kuwa karya azumin dare, tunani iri ɗaya da namu na karin kumallo.

Wanda ke shiga gidan kallon ƙwallo ya riga ya haddace wannan darasi bai sani ba. Yaron da bai gama sakandare ba zai ce maka Totnam, Fulam, Lesta, Bonmath, domin daga bakin mai sharhin wasa ya ji. Ba shi jarida ya karanta *Tottenham*, *Fulham*, *Leicester*, *Bournemouth*, sai ka ji To-ten-ham da Lai-ses-ta. Sunayen nan duk harɗaɗɗu ne: *mouth* bakin kogi, *cester* daga kalmar Latin ta sansanin soja. Lokacin da Leicester ta ɗauki kofin Firimiya a 2016 an sha wannan gardama a majalisu. West Ham kuwa ana jin *h* ɗinta ras, saboda *Ham* a nan kalma ce mai zaman kanta kuma ita ake dannawa.

Me ya sa *cupboard* ta lalace amma *keyboard* da *blackboard* suna nan da bod ɗinsu cikakke? Shekaru da yawan amfani, kamar bakin rijiyar da igiyar guga ta daɗe tana ci, da kuma ko masu magana na ganin ma'anar tubalan har yanzu. Akwai waɗanda suka cinye ƙurmus har rubutun ma ya bi. *Lord*, ubangida, asalinta *hlafweard*, mai tsaron burodi, *lady* kuma mai kwaɓa shi. *Daisy*, wata fure, "idon rana" ce a da, *day's eye*. *Window*, wadda muka ara muka ce wundo, daga harshen mutanen arewacin Turai ta zo, ma'anarta idon iska. *Goodbye* guntun "Allah ya kasance tare da kai" ne. Mu ma muna da Ubangiji, wanda ba kowa ke jin *uba* da *gida* a cikinsa ba.

Kada dai a ɗauki dokar danna kalmar farko kamar yankan wuƙa. Ana cewa afterNOON, headMASter, apple PIE amma APPLE cake. A Landan ana cewa OXFORD Street amma Oxford ROAD. Waɗannan sai haddacewa.

Me ya hana rubutu bin baki?

William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a Westminster a 1476, daidai lokacin da furucin wasulan Turanci ke tsakiyar wani babban sauyi da ya ɗauki ƙarnoni. Masu ɗab'i suka fara daidaita rubutu, baki kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ɗaure rubutun, na Noah Webster na 1828 ya ɗan yi wa na Amurka kwaskwarima, amma bai taɓa irin su *cupboard* ba. Saboda haka rubutun Turanci hoton furucin kakannin kakanni ne. Kuma Turanci ba shi da wata hukuma da ke yanke hukunci, masu ƙamus abin da jama'a ke faɗi suke tattarawa.

Rubutun bokon Hausa a ƙarni na 20 aka tsara shi, bai tsufa ba tukuna, shi ya sa yake kusa da baki. Duk da haka ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti, muna rubuta *gari* na zama da *gari* na tuwo iri ɗaya. Baturen da ke koyon Hausa yana da nasa ƙorafin a kanmu.

Ko yadda ake rubuta harɗaɗɗiyar kalmar ma bai tsaya wuri ɗaya ba. Wata a haɗe, *toothpaste*, wata da karan ɗori, *mother-in-law*, wata a ware, *post office*. Galibi kalma kan fara a ware, ta samu karan ɗori, ta ƙare a haɗe. Har farkon ƙarni na 20 ana rubuta *to-day*, jiya-jiyan nan muke rubuta *e-mail*. A bugunsa na 2007, ƙamus ɗin Shorter Oxford ya cire karan ɗori daga kalmomi kusan 16,000, wasu aka haɗe su kamar *bumblebee*, wasu aka ware kamar *ice cream*, askirim ɗinmu. Don haka tazara a takarda ba ta nuna ko kalma harɗaɗɗiya ce, murya ce ke nunawa.

Akwai kuma tarkon da mahaɗa ke ɗana wa mai karatu. An koya mana cewa *th* da *ph* da *sh* sauti guda ne kowanne. Sai ga *pothole*, ramin kan titi, wadda *pot* ce da *hole*, *t* na gida ɗaya *h* na wani. Haka *uphill*, *lighthouse*, *mishap*, *grasshopper*. A *shepherd*, makiyayi, daga *sheep* da *herd*, ba *f* ko kaɗan, SHE-pad ake cewa. A nan rabon ma'ana ne ke ceton furuci. Hausa ta magance irin wannan da 'yar alama, shi ya sa ake rubuta Is'haƙ da mus'hafi don kada a karanta *sh*. Turanci bai damu ya yi wa kowa wannan alfarma ba.

Masu gyara da masu cewa a ƙyale mu

Masu gyara hujjarsu ita ce harshe na da masu shi, kuma wanda zai koyi abu ya koye shi da kyau. Ma'auninsu furucin da masanin furuci Daniel Jones ya tattara a ƙamus ɗinsa na 1917, irin na masu ilimin kudancin Ingila, wanda aka daɗe ana ji a BBC. Suna da gaskiya cewa shi ake bi a littattafan makarantunmu. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne ko a Birtaniya 'yan ƙalilan ne ke magana da shi. Ba'amurke yana furta *r* a *handkerchief* da *cupboard*, mutumin Landan ba ya yi, kuma gaɓar ƙarshe wasu cif suke cewa wasu su ja ta, duka ƙamus ya karɓa.

Ɗaya ɓangaren na cewa Turancin Najeriya ya zama na Najeriya, kamar yadda na Indiya ya zama na Indiya. Suna nuni da watan Janairun 2020, lokacin da babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, ciki har da *okada*, *danfo*, *mama put*, *next tomorrow* da *Kannywood*. Kuma tarihi na ba su wata hujja da ba su cika sani ba: furucin bin rubutu yakan yi nasara a can ma. A da *forehead*, goshi, forid ake ce mata, *waistcoat* kuma weskit. Da karatu ya yaɗu, jama'a suka riƙa furta abin da suke gani, yau for-hed da weist-kot sun fi yawa a bakin Turawan kansu. Abin da ake yi wa ɗan Kano dariya a kai, jikokin masu harshen sun yi shi a wasu kalmomin har ya zama daidai.

A ganina kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Ƙoƙarin murɗe hanci don a yi kama da ɗan Landan wahalar banza ce, kuma yi wa mutum dariya a bainar jama'a ba abin da yake haifarwa sai ya rufe bakinsa ya daina gwadawa. Amma "a ƙyale mu" ma tana da iyaka. Wanda ya ce hand-ka-cif kowa zai gane shi. Wanda ya sauya wurin danna murya, ko ya ƙara gaɓoɓi biyu a kalma, baƙon kunne na iya rasa abin da yake nufi gaba ɗaya, domin da gaɓar da aka danna mai jin Turanci ke gane kalma.

Wa abin ya shafa?

Na farko ɗalibin sakandare. Jarrabawar Turanci ta WAEC tana da takarda guda kan furuci, tambayoyi 60, kuma a Najeriya zaɓen amsa kawai ake yi, ba a buɗe baki. Ana tambayar wace kalma ce ke da sauti iri ɗaya da wata, wace gaɓa ake dannawa, waɗanne ne ƙarshensu ya yi amo ɗaya. Haruffan da ba a furtawa da harɗaɗɗun kalmomi abincin masu tsara irin waɗannan tambayoyi ne, kuma ma'auninsu na ƙamus ne, ba na titi ba. Yaron da ya tashi da kof-bod zai zaɓi amsar da ke da *p* da zuciya ɗaya, ya faɗi. Sai ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin da zai zauna IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman aiki ko karatu a waje, inda ake sauraron magana a rubuta amsa: idan kunnenka na jiran *d* da *p* da ba za su zo ba, kalmar za ta wuce ka ba ka gane ta ba. Har mai ba wa wayarsa umarni da murya yana cin karo da wannan.

Mai son ya taimaki kansa, idan ya ga doguwar kalma ya fara neman mahaɗarta, ya ga ko kalmomi biyu ne. Sannan ya duba ƙamus, ya tsallake ɗige-ɗigen nan, ya je ga furucin da ke tsakanin layuka biyu masu jirge, inda wata 'yar alama a sama take gaban gaɓar da ake dannawa. Ƙamusoshin Oxford da Cambridge na intanet suna da maɓallin sauraro, na Ingila da na Amurka, kyauta.

Malamin Turanci a ƙasar Hausa kuwa yana zaune kan kayan aikin da bai cika taɓawa ba. Yaran da ke gabansa sun zo aji da hankici da kabad da fanke da birkila a bakinsu. Fanke *pancake* ce, kuma *n* ɗinta ta riga ta yi naso da *k*. Birkila *bricklayer* ce, gaɓa uku can, uku nan. Har wurin danna murya waɗanda suka aro da kunne sun kamo, suka mayar da shi karin sauti: faɗi mota, tebur, gwamna, kabad, za ka ji murya ta fara a sama ta sauko, daidai inda Bature ke danna gaɓar farko. Faɗi direba kuma, *di* da aka saƙala tana ƙasa, murya ta hau kan *re*, wato *dri* ta *driver*, sannan ta sauka a *ba*.